Huɗu Bisa Goma

Har na mutu ba na jin zan manta da ranar da wani dattijo ya ba bankinmu maki huɗu bisa goma. Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen karɓo bashi, a wani bankin lamunin gina gidaje da ke da reshe a Funtuwa.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: mu ba mutum kuɗi ya yi gini, mu riƙe takardar filinsa jingina, yana biya wata-wata. In ya tsallake wata uku, sai takardar tuni. In ya ci gaba, sai ta gargaɗi. Ta uku ita ce ta ƙarshe, daga ita sai gwanjon gida.

Ta ukun aka aike ni in kai wa Malam Lawal, tsohon hedimasta, mutumin Gozaki. Yana aiki bai taɓa saɓa wata ba. Da ya yi ritaya garatutinsa ya maƙale, ya koma noma, a shekarar kuma taki ya yi tsada, farashin masara ya faɗi warwas. Sau biyar yana zuwa ganin manajanmu, sabon zuwa daga birni, kullum a ce yana mitin. Wasiƙu biyu ya rubuto, amsar duk ɗaya ce: sai abin da hedikwata ta ce.

Na same shi a zaure da hantsi. Ya sa aka kawo mini kunu, ni kuwa kunya ta hana ni sha. Ya karɓi takardar, ya gyara tabarau, sai na ga ya zaro jan biro daga aljihu.

"Wa ya rubuta wannan Turancin?"

Na ce, "Manaja ne ya sa hannu, Baba."

"Allah sarki. Wa ya koyar da shi?"

Ya bi ta layi-layi yana zagaye kurakurai. Yana dariya, amma na san abin ba na dariya ba ne, don mutum goma sha ɗaya ke kwana a gidan nan. Can ya tsaya.

"Ɗana, fili mai lamba arba'in da ɗaya kuka rubuta. Nawa sha huɗu ne. Arba'in da ɗaya masallacin unguwa ne. In shi za ku sayar, sai ku yi magana da liman."

Ya rubuta 4/10 a ƙasa, ya ƙara da cewa a yi gyara a sake kawowa.

A hanya na yi ta shawarar in yaga ta in ce ba ya nan, don ina tsoron aikina. Amma doka ce a mayar da kwafi fayil, sai na ajiye wa Manaja a tebur na ja da baya. Ya karanta, ya tashi tsaye.

"Ni? Huɗu? Da digirina biyu?"

Lauyanmu ya ce takardar ba ta da amfani, sai an sake wata daga hedikwata, abin da zai ci wata guda. Manaja bai iya jira ba. Washegari ya ce in shiga mota in nuna masa gidan. Mitin ɗin da ya hana shi ganin mutum wata shida, ranar an ɗage shi.

Muna isa Manaja ya hau faɗa, Malam Lawal kuwa ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, taho ka gani." Ya buɗe wani ɗaki cike da buhunan masara har rufi. "In na sayar yau, ko kuɗin taki ba zan mayar ba. In kun bari zuwa bazara, zan biya ku. Manomi sau ɗaya yake ɗaukar albashi a shekara, ku kuna nema sau goma sha biyu. Abin da na zo in faɗa maka ke nan sau biyar."

Manaja ya ƙirga buhunan da kansa, har sau biyu. Da muka koma ya rubuta wa hedikwata a mayar da biyan sau biyu a shekara. Sun ja mu wata biyu kafin su yarda, kuma ko kwabo ba su yafe ba. Sai da Malam ya sayar da gonar gadonsa guda a Gozaki ya cike gibin, abin da ya yi masa ciwo ƙwarai. Amma gidan yana hannun iyalinsa har yau.

Ku da kuke fara wannan aiki, ga abin da na koya. Yawancin masu bashinmu ba gudu suke yi ba, nemanmu suke, mu ne muke ɓoye a bayan ƙofa. Kafin ka buga wa gidan mutum hatimi, tashi ka je ka zauna a zaurensa ka ji ta bakinsa. Sau da yawa hanyar biyan tana can, fayil ne kawai bai sani ba.