Tabon Gefen Dama

Mai Murfi ake ce masa, har 'ya'yansa ma idan ba ya kusa. Idan mutum ya haɗa ƙaramin jirgin sama a bayan gidansa, wurinsa yake zuwa neman murfin da ke rufe matuƙi. Ba gilashi ba ne, wata roba ce garai-garai kamar ruwa. Yakan ɗaure fallenta a firam, ya tura cikin tanderun da ya ƙera da kansa, sai ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar fata ya zaro ta, ya sakar mata iska ta ƙasa a hankali, tana kumbura har ta taɓa zaren da ya ja a sama. Idan ta huce, sai ya tsaya bayanta ya dubi sandunan tagar shagon. In sun miƙe tar, murfi ya yi. In sun lanƙwashe ko sun dushe, zarto yake sa masa nan take, don kada wani ya tsinta ya ɗora a jirgi.

"Ta cikin nan mutum zai nemi wurin sauka," abin da yake cewa ke nan.

Shekaru sun ja. Zafin tanderu ya cinye gashin hannunsa, baya ya riƙe, sunkuyo ya zama aiki. Bana kuma aikin Shaho ya tsaya masa a wuya. Shaho tsohon bakanike ne, abokinsa tun suna samari, sunan kuwa tsokana ce, don bai taɓa barin ƙasa ba. Jirginsa ya kammala, murfi kawai yake jira.

"Kai tsohon banza, so kake in mutu ban tashi ba?"

"Ko ka tashi, ai ƙasa za ka dawo. Yi haƙuri."

"Haƙurin nan ya fi jirgin tsufa."

Matsalar ɗaya ce. Duk murfin da ya hura, sai ya ga wani tabo dishi-dishi a gefen dama. Ya zargi ƙura, ya wanke shagon har rufi. Ya zargi tanderu, ya sauya wayoyinsa. Ya zagi mai sayar da roba a waya. Yanzu falle ɗaya ya rage, irinsa kuma ba ya samuwa sai an jira watanni.

Ranar da ya kunna tanderu don na ƙarshen, matarsa ta shigo da shayi. Ba ta cika shiga shagon ba, warin roba na sa mata ciwon kai. Ta dubi tarin gutsattsarin da ke lungu, ta dubi murfin jiya da ke kife a benci. Gajiya ce ta hana shi yanka shi.

"Baban yara, wannan kuma me ya yi?"

"Ga tabo nan a dama. Ke ba za ki gane ba."

"To. Juya shi mana, gaba ya koma baya."

Ya yi tsaki, amma ya juya, don dai ta fita ta bar shi. Ya sunkuya ya dubi tagar. Da a robar tabon yake, da ya koma hagu. Yana nan a dama, bai gusa ba.

"Rufe idonka na dama," ta ce a hankali.

Ya ɗora tafinsa a kai. Sandunan tagar suka fito tas, a miƙe, har tsatsar jikinsu yana gani.

Ya daɗe a haka bai sauke hannun ba. Daga baya ya waiwayi lungun, inda aikin wata da watanni yake zube gunduwa-gunduwa, duk shi ya yanka da hannunsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da ka fara zuba shayi a gefen kofi. Na ce in na faɗa, faɗa za mu yi."

"Da mun yi ɗin."

Ya taka da ƙyar ya kashe tanderu. Ya jawo ta ya tsayar da ita inda ya saba tsayawa, ya sa ta duba ta sama, ta duba ta gefe, ta sake dubawa.

"Sun miƙe?"

"Sun miƙe, Baban yara."

Ya zauna a kan benci, ya jingina bayansa da bango.

"Aika wa Shaho ya zo da mota ya ɗauki murfinsa. Kada ki gaya masa dalili, in ya ji ba zan sha ruwa a garin nan ba don tsokana."

"Zuwa asibiti a duba idon fa?"

"Bari in ɗan zauna tukuna."