Jan Idon Ɗana na Fari

Lokacin da abin nan ya faru, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar a unguwar Takur cikin Dutse, ina ɗan ɗinki a gida. Maigidana malamin gona ne a Garki, sai ƙarshen mako yake zuwa, don haka gidan a hannuna yake. Ni 'yar wani ƙauye ce a Buji, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba a kiran sunansa, ba a hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ni kuwa na riƙe abin fiye da kowa, har kaina kumbura yake idan mata suka yabe ni a kai. Tun da aka yaye ɗana na fari yana wajen mahaifiyata, sai da ta rasu ya dawo hannuna zai shiga sakandare. "Yaron nan" nake ce masa, shi kuma Adda yake kirana, yadda ya ji ƙannena suna yi. Idan ina son ya yi wani abu ƙanwarsa nake aikawa, ko da muna zaune a tsakar gida ɗaya.

Yana aji uku makarantarsu ta fito da wani tsari, duk ɗalibin da ya yawaita fashi malamin ajinsa zai bi shi har gida. Wata Laraba da yamma sai ga malamar ajinsu ta yi sallama. Ta ce yaron ya fi zuwa a rashin zuwa, wani makon ma sau ɗaya ake ganinsa, kuma idan aka ci gaba a haka ba za a sa sunansa cikin masu jarrabawar fita ba. Ta tambaye ni ko na lura da wata damuwa a tattare da shi. Abin ya ɗaure mini kai, don kullum da safe ina ganin fitarsa da kayan makaranta da jaka. Amma akwai maƙwabta biyu a kan tabarmata, sai na ɗauke kai na ce ni ban san sha'aninsa ba, a jira babansa. Na ga kallon da malamar ta yi mini, na san ta tafi da tunanin uwa ce da ba ruwanta. Alhali ranar ko tuwo ban iya haɗiyewa ba.

Tunda ba zan iya zaunar da shi in tambaye shi ba, sai na koma sa ido. Wanda kuma ya sa ido da zargi a zuciya, komai ya gani hujja ce. Na lura idanunsa kullum jajur suke, yana ta murza su. Ba ya son fita rana, ya fi son ya shige ɗaki ya rufe taga ya ce kansa na ciwo. Sau da yawa zai yi tuntuɓe da buta a tsakar gida kamar wanda ba ya cikin hayyacinsa. Na fara shinshina rigunansa kafin wanki. Rannan yana banɗaki na zazzage jakarsa, na sami wata 'yar ƙaramar kwalba ta roba, takardar jikinta duk ta goge. Na nuna wa maƙwabciyata, wadda ba ta taɓa cewa ba ta san abu ba a rayuwarta, ta riƙe baki ta ce ai irin wannan ce yaran yanzu suke ɗigawa a lemo su bugu. Ban tambaye ta inda ta sani ba. Na yarda, saboda abin da na riga na saka a raina ke nan.

Washegari na ari hijabin da bai san ni da shi ba na bi bayansa. Ya wuce kwanar makarantarsu ko waiwaye bai yi ba, ya je rumfar wani saurayi mai gyaran babur a bakin titi, ya cire farar rigarsa ya rataye, ya tsugunna yana wanke ƙarafa da fetur. Na tsaya a tsallaken titi na buɗe fuskata don ya gan ni ya ji kunya. Ya ɗago kai ya dubi inda nake sosai, sannan ya ci gaba da dariyarsa da mai gyaran. Nan na gama yanke hukunci. Na ce yaron da zai kalli uwarsa ido cikin ido bai ko razana ba, lallai ba shi kaɗai ba ne, akwai abin da ya sha. Da yamma na koma rumfar ni kaɗai na wanke saurayin nan tas a gaban jama'a. Yana ta ba ni haƙuri, yana cewa shi kullum korar yaron yake ya tafi makaranta, kuma akwai abin da ke damun idonsa. Na ce na san abin da ke damun idonsa, kuma na san mai ba shi.

Da babansa ya zo na zayyana masa komai, na ajiye kwalbar a gabansa. Dukan da ya yi wa yaron ba zan manta da shi ba. Ina madafa ina jin yaron yana rantsuwa bai taɓa shan komai ba, maganin ƙaiƙayin ido ne, ni kuma ina cewa a raina duk mashayi haka yake faɗa. Bayan wannan ya daina zuwa rumfar, ya kuma daina zuwa makarantar gaba ɗaya. Malamar ce, Allah ya saka mata da alheri, ta sake dawowa. Ta ce duka ba ya mayar da yaro aji, idan har shaye-shaye muke zargi to a kai shi asibiti a gwada, a huta da zato. Babansa ya koma Garki, dole ni na kai shi. Ranar ce ta farko da muka jera a hanya ni da shi.

Gwaji ya fito babu komai a jikinsa. Ma'aikaciyar da ta ba mu sakamakon ta leƙa fuskarsa, ta tura mu ɓangaren ido. Likita ya rufe masa idon dama ya ɗaga yatsu a gabansa ya ce ya ƙirga, yaron ya kasa. Na miƙa kwalbar, har lokacin ina jiran a ce na yi gaskiya. Likita ya ce maganin ɗigawa ne da ake saye a kemis, yana kashe ƙaiƙayi nan take, amma idan aka daɗe ana amfani da shi ba da izinin likita ba yana iya lalata jijiyar ido, kuma ya riga ya yi. A nan na ji sauran labarin. Dogo ne, a bayan aji ake zaunar da shi, ba ya ganin allo. Ana zane shi don bai kwafi darasi ba, 'yan aji suna yi masa dariya idan aka ce ya karanta. A rumfar mai gyara kuwa komai a kusa da hannunsa yake. Ranar da na tsaya a tsallaken titi ma inuwa kawai ya gani.

Likita ya tambaye shi tun yaushe idon ke damunsa, ya ce tun yana aji ɗaya. Likita ya ce to me ya hana ka gaya wa mahaifiyarka? Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ga Adda ba ta son in yi mata magana."

Na yi kuka a gaban likita da masu jiran layi, ban ji kunyar kowa ba. Na je na nemi gafarar mai gyaran babur, ya yafe, amma na san mutuncin da na zubar masa a bakin titi ba zan iya kwashe shi ba. Ɗana ya rasa jarrabawar wannan shekarar, ya maimaita aji. Malamar ta sa aka dawo da shi layin gaba, kuma tun daga nan sai ranar ganin likita kaɗai yake fashi.

Ba na zagin al'adarmu, a cikinta na tashi. Amma ina roƙon iyaye mata, idan aka ce ɗanki ba ya zuwa makaranta, kada ki fara da bincike jaka da tambayar maƙwabta. Ki kira shi ɗaki, ko ɗan fari ne, ki tambaye shi da bakinki, ki kuma saurari amsar. Malamai ma kafin ku ɗaga bulala ku tambayi yaro ko yana ganin abin da kuka rubuta. Likita ya ce da mun zo tun farko da an ceci idanun duka biyu. An ceci na dama. Na hagu ya tafi yana ɗan shekara goma sha biyar, a cikin gidana, ina kallonsa kullum.