Gonar da Kogi Ya Zaɓa

Bayan rasuwar mahaifiyata aka kai ni Shatimari wurin Kaka Falmata. Mu uku ne a gidan: ita, ni, da Yagana ɗiyar kawuna. In an yi magariba sai ta hura wuta, ta zube busasshen tattasai a tabarma, muna cire masa hanci muna atishawa, tana ba mu labari da Hausarta mai karin Barebari.

Akwai wanda ta fi maimaitawa. Wai wasu wa da ƙane ne suka gāji gonaki biyu a bakin Komadugu. Wata shekara kogi ya canja hanya, ya bi ta gonar ƙanen, ya bar ta wan ta bushe. Bulama, mai garin, ya ce duk wanda ruwa ya je masa ya ba wanda ya rasa kwando ɗaya cikin goma. Ƙanen ya ƙi, ya ce guminsa ne.

"Bulama ya ce masa, gumi naka ne, ba musu. To kogin fa, yaushe ka kira shi?"

Bai ba da ko ƙwaya ba. Wan ya kwashi iyalinsa ya nufi tafki, ba a sake ganinsa ba.

"Kaka, sai kogin ya gudu daga gonar ƙanen, ko?"

"A'a, ɗiyata. Ya yi arziki sosai. Sai dai kullum shi kaɗai yake wanke hannu a bakin akushi."

Haushi nake ji, don ina son a hukunta shi.

Ranar da malami ya zo rubuta yaran lakwal, wato makarantar boko, Yagana na kwance da masassara. Ni aka rubuta. Ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Ita ke tuna mini ƙidaya in na manta.

Na gama karatu, na samu aiki a wani ofis a Diffa. Kaka ba ta ga wannan ba, ta riga ta rasu. Shekarar da ambaliya ta ci gonakin kwari, aka ce mu ma'aikata mu taimaka. Wani abokin aikina ya ce, "Mu da muka sha wahalar karatu, su suna ina?" Kowa ya gyaɗa kai. Na rasa wanda zan faɗa wa zancen masassarar Yagana.

Ran Juma'a na sayi buhun gero na kai wa Yagana, don ita ma ambaliyar ta shafe ta. Ta fito da goyo, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Madam, an gode." Na ce ta kira ni Hadiza kamar dā. Ta yi murmushi, ta shimfiɗa mini tabarma, ita kuma ta zauna can nesa a kan rairayi.