Wutar da ta rame a hanya

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da safiyar da na kusa zagin mutumin kirki saboda wayar lantarki.

Wajen tsakiyar shekarun casa'in ne, ina fataucin wake da albasa a Konni. Na lura matan Bazaga da ƙauyukan gefenta sai sun ratsa gari a amalanke kafin su kai hatsinsu niƙa. Ina da fili a bakin gari ta hanyarsu, sai na ce bari in tare su a can. Na sayar da waken da na ɓoye, na tafi Sakkwato wurin wani dattijo da muka daɗe muna hulɗa, wanda bai taɓa cin amanata ba. Ya zaɓar mini injin niƙa mai aiki da kuran, wato lantarki, ya ce da hannunsa ya gwada shi.

Poto na ƙarshe, wato turken da ke ɗauke da wayar wuta, a ƙofar gidana ya tsaya, filin kuwa da ƴar tafiya. Ban ga abin damuwa ba. Na sayo waya mafi siranta da araha, na sa aka yi ta ƙulla ta, aka kafa itacen dogon yaro har rumfar injin. A hankalina na lokacin waya igiya ce, in ta kai ta kai.

Ranar buɗewa mata suka jera kwanoni. Na danna, injin ya yi gurnani, bel ɗin ya ɗan motsa ya tsaya, sai ƙauri. Kwana uku muna haka. Wata tsohuwa ta ɗauki kwanonta ta ce, "Alhaji, in turmi za mu koma, hwaɗa muna tun rana ba ta yi ba." Aka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na yanke cewa dattijon nan ruɓaɓɓen inji ya sayar mini. Na samo mota, na kuma shirya abin da zan faɗa masa a tsakiyar shagonsa, gaban maƙwabtansa. Macuci zan kira shi.

Muna kwance ƙusoshin injin da hantsi sai ga taubashina a kan keke, ɗan kawuna, wanda gyaran wuta ne sana'arsa. Ban kira shi wurin jan wayar ba don na san zai ce in sayi mai tsada.

"Kai bawana, ina za ka da gawa?" in ji shi.

"Zan mayar wa mai ita."

"Mi ya kashe ta?"

"Haka aka ba ni ita."

Bai ko kalli injin ba. Wayar ya bi da ido har inda ta ɓace. Ya ciro ampul guda, wato ƙwan lantarki, daga jakarsa, ya tura ni gida in ga yadda take ci a ɗakina. Ta haska fes. Na dawo da ita, ya haɗa ta a rumfa, ya danna injin. Ampul ɗin nan da na riƙo da hannuna ta koma ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

"Kama wayar nan ta kan roba, ba ta cin marowata," ya ce.

Na kama. Ɗumi na ji. Ya kashe injin, muka taka gaba inda take cikin inuwar bedi, wato dogon yaro, na sake kamawa, nan ma da sauran ɗumi.

"Ga wutarka nan, kana ɗumama wa tsuntsaye ƙafa," in ji shi. "Kai da ka saba da buhu, abin da ka ɗora a Konni shi za ka sauke a Tawa. Kuran ba haka take ba. Ka taɓa ganin bijimi ya tafi Kudu da ƙafa ya isa da naman da ya bar gida da shi? Hanya na ci. In ta yi tsawo ta ci da yawa, in ta yi ƙunci awa wagga taka, ta cinye duka."

Sai ya nuna mini manyan wayoyin nan da ke wucewa can nesa a kan dogayen ƙarafa. Ya ce wannan wuta daga wata ƙasa ta taso. Don kada ta ƙare a daji ake ɗaga ƙarfinta ya kai inda mutum ba ya ko kusantarta, sai ta iso gari a sauke ta daidai da gidaje. Na tsaya baki buɗe. Shekara nawa ina wucewa ƙarƙashinsu ina ɗauka shanya ce ta gwamnati. Ashe wani abu ne ke gudu a ciki wanda ido ba ya gani, ya ratso dazuzzuka da garuruwa bai gaji ba, ni kuma na galabaitar da shi tsakanin ƙofar gidana da bakin gari. Na ce Allahu akbar, ban san a fili na faɗa ba.

Motar da na samo don Sakkwato ita ta kai injin zauren gidana. Taubashin ya haɗa shi da gajeriyar waya mai kauri. Yana dannawa injin ya ɗauka da ƙara har ƙasa na rawa, gari ya fara zuba. Matan Bazaga suka ƙara ƴar tafiya, ba wadda ta yi ƙorafi.

Dattijon ya rasu bai san abin da na ƙullo masa ba, ni na yi masa rakiya har makabarta ina jin kunyar da ba wanda ya san da ita. Tun daga ranar, in abu ya iso mini a raunane, kaya ne ko saƙo ko gaisuwar ɗan'uwa, ba na fara tuhumar wanda ya aiko. Sai na duba hanyar da ya biyo tukuna, musamman in ni na shimfiɗa ta.