Zuciyar Badea Simion: Talatin da Uku ko Arba'in

A ƙauyenmu na kan dutse in ka ce "mota", ba wanda zai tambaye ka wacce. Bas ɗaya ce, shuɗiya, kuma Badea Simion ne direbanta tun ina amarya. A wurinmu "Badea" ko "bade" ake ce wa namiji babba don girmamawa, mace kuma "Lelea" ko "lele". Ni Veta, cuku nake yi, duk Talata ina sauka da shi kasuwar gari, don haka na san ƙeyar mutumin nan fiye da yadda na san fuskar wasu dangina.

Ƙato ne, ƙirji kamar ƙofar rumbu, gashin baki ya rufe masa leɓe. Kuma yana da dokoki. Kaza ta shiga, akuya ma ta shiga in an ɗaure ta, amma wanda ya sha ya yi tatul sai dai ya biyo mu a ƙafa. Ba ya tayar da mota sai tsohuwar ƙarshe ta zauna ta gyara ɗankwali. Shi ke kawo wa tsofaffi magani daga gari, shi ke kai wa ɗalibai ƙunshin abinci daga iyayensu. Hanyarmu murɗaɗɗiya ce, dutse a gefe ɗaya, kwazazzabo a ɗayan, amma shekara talatin da 'yan kai ko fenti bai taɓa gogewa ba.

A hunturun bara yana faskaren itace sai ya zauna a kan kututture, ya ce wa matarsa, Lelea Saveta, wai wani ya ɗora masa buhun masara a ƙirji. Aka garzaya da shi babban asibitin birnin Cluj, aka buɗe jijiyar zuciyarsa da ta toshe, ya dawo ya rame, yana ta masifa a kan abincin da ba gishiri. Motar kuwa aka ba Ilinca, wadda ta yi shekaru tana jan tirela a Sifen kafin ta dawo gida. Ta iya tuƙi, ban hana ta ba. Amma ba ta jiran ɗankwalin kowa.

Da dusar ƙanƙara ta narke, Simion ya murmure, ya ce a ba shi makullinsa. A nan aka gaya masa zancen lamba. Wai zuciya ba ta juye duk jinin da ke cikinta a bugu ɗaya, wani kaso take turawa. Ta mai lafiya tana tura fiye da rabi. Wanda tasa ba ta kai talatin da biyar cikin ɗari ba, doka ta hana shi ɗaukar fasinja.

A asibitin gari aka shafa masa man nan mai sanyi, aka goga masa na'urar sauti a haƙarƙari, wadda suke kira eko. Talatin da uku. Ya fito yana huci. Surukinsa ya kai shi wani asibitin kuɗi, aka sake shafa mai, aka sake gogawa. Arba'in.

To fa! Ƙauye ya rabu biyu. A ƙofar coci ranar Lahadi ba a yi zancen huɗuba ba, sai 'yan talatin da uku da 'yan arba'in. Ni 'yar arba'in ce, ba ɓoye-ɓoye, ina son direbana ya dawo. Shugabar 'yan talatin da uku kuwa matarsa ce.

"Lele Saveta, mijin naki kike wa fatan ƙaramar lamba?" in ji ni.

"Ke Veta, rufe min baki. Ke fasinja za ki rasa direba, ni miji zan rasa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Wata Talata Saveta ta ja ni muka raka shi wurin likitarsa, Dakta Crișan, wata 'yar siririya da gilashi a tsakar ka. Ya dire mata sakamakon biyu a tebur.

"Likita, zuciya ɗaya gare ni. Cikin mutanen nan biyu wa ya yi ƙarya?"

"Ba wanda ya yi ƙarya, bade. Na'urar sauti leƙe take yi ta tsakanin haƙarƙari, ta ga ɓangare, mai aunawa ya zana iyaka da hannunsa, a ƙiyasta sauran. Ga mutane da yawa hakan ya isa, ba wahala, ba jira. Amma kai ƙirjinka katanga ce, ga tabar da ka sha. Hoton ya fito dishi-dishi." Sai ta juyo wurina. "Lele, in kika ɗaga curin cuku a hannu, kina sanin nauyinsa?"

"Sarai," na ce.

"In maƙwabciyarki ta ɗaga fa?"

"Ita kullum sai ta rage."

"To ka ji, bade. Da lambarka hamsin ce, ko ashirin, da ba ruwana da wannan bambanci. Amma kana bakin layi, sai a hau sikeli."

Sikelin shi ne na'urar maganaɗisu da ke Cluj, wani dogon bututu da ake tura mutum ciki. Ita tana ɗaukar zuciya yanka-yanka daga sama har ƙasa, ba ruwanta da kaurin ƙirji, har tabon da ciwon ya bari tana nunawa. Sai dai akwai layi, akwai ƙara, kuma dole ka kwanta ko motsi babu, kana riƙe numfashi duk lokacin da aka ce.

A hanyar komawa na ba shi shawarar da rabin ƙauye ya riga ya ba shi. "Bade, ka ɗauki arba'in ɗinka ka kai inda ake sabunta lasisi mana. Wa ya aike ka bututu?"

Ya harare ni. "Veta, in bakanike ya ce miki birkin motata wataƙila yana ci, za ki shiga?"



Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai na yi dariya. Simion ya ɗauki abin kamar jarrabawa, wadda in ka yi shiri za ka ci. Ya mirgino tsohuwar gangar da suke jiƙa 'ya'yan itace a ciki, ya kwantar da ita a tsakar gida, ya shige har ƙugu. Saveta na tsaye a kai da murfin tukunya biyu.

"Riƙe numfashi!" Sai ta hau bugu, ƙwal-ƙwal-ƙwal. "Saki!"

"Ƙara bugawa, mata, an ce ƙarar ta fi haka!"

"Wallahi shekara arba'in nake jiran a ba ni wannan aiki," in ji ta.

Mu 'yan arba'in muka yi ta kai gudummawa: tafarnuwa, zuma, shayin ganyen daji, har limamin coci ya aiko da man shafawa. Mutumin ya yi ta warin tafarnuwa har karnuka suna kauce masa.

Ranar da aka yi awon, ma'aikaciyar ta ce ba ta taɓa ganin mai riƙe numfashi kamarsa ba. Ya dawo yana taƙama da wannan yabo. Bayan mako Dakta Crișan ta kira shi. Talatin da biyu. Ta nuna masa tabon a hoto, fari, a gefen zuciyar, ta ce wurin nan ba zai sake matsawa ba. Ta ce zai daɗe in ya kiyaye magani, kuma za su yi maganar wata 'yar na'ura da ake sa wa mutum a ƙarƙashin fata don tsaro. Amma fasinja, an gama.

Saveta ta ci gardama, sai ga ta a kicin ɗina tana kuka. Na ji tausayinsu su biyun, kuma na ji haushin bututun nan, ko da yake na san ba laifinsa ba ne. Simion kuwa ya daina fitowa. Da ya ji ƙahon bas sai ya shige bayan gida wurin itace.

Sai wata Talata da kaka, muna cikin mota, ga shi nan tafe da hular zuwa coci. Ilinca ta yunƙura kamar za ta tashi daga kujera.

"Zauna, 'yar nan," ya ce. "Asibiti za ni. Ki dai jira Lelea Anica ta gama zama."

Ta jira. Ya zo ya zauna kusa da ni, wajen taga. Na zaci zai yi ta gyara mata tuƙi, har na shirya abin da zan ce masa. Ko kallon tuƙinta bai yi ba. Da muka fita daga cikin itatuwa hanya ta hau gefen kwazazzabo, sai na ga ya manna goshi a gilashi. Can ƙasa kogin yana walƙiya kamar zare, ganyen itatuwan gangaren duk ya yi ja da rawaya. Ya daɗe yana kallo, hannunsa ya damƙe ƙarfen kujerar gaba.

"Veta," ya ce a hankali, "haka wurin nan yake da zurfi?"

"Haka yake, bade. Tun da can."

"Ni kwalta kawai na sani." Ya sake leƙawa. "Kuma kuna ganin wannan, kuka yi ta shiga motata da 'ya'yanku?"

"Har barci muke yi," na ce.

Ya ciro hankici ya goge gashin bakinsa, ko da yake ba nan ne ya jiƙe ba. Har muka isa gari bai ɗauke fuskarsa daga taga ba.