Sunan Garinta a Mayafin Kakata

Jiya da yamma na sauka daga adaidaita a bakin tashar jirgin ƙasa, sai wata mai lemo ta tattara ɓawon da ta fere ta watsa a garwashin mai gasa masara da ke gefenta. Hayaƙin ya taso ya same ni ina ƙoƙarin tsallaka titi, na tsaya cak har wani mai kura ya yi mini magana. In ka taɓa jin ƙamshin ɓawon lemo a wuta, ka san yana da zaƙi da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshensa. Ni dai ɗakin mutum ɗaya yake kai ni.

A hannun kakata na tashi, a Fagge. Mahaifiyata ta rasu tun ban san fuskarta ba, mahaifina kuma direban babbar mota ne, sai a daɗe ba mu sa shi a ido ba. Baffana, wanda ke riƙe da gidan, yana da shago a Kantin Kwari, amma iyalinsa suna Rijiyar Lemo. Saboda haka mu biyu ne a gida mai ɗakuna da yawa, duk a kulle. Da rana har ƙarar agogon bango nake ji daga tsakar gida.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata dattijuwa Balarabiya. 'Yan unguwa matar Kwara suke ce mata, yadda ake kiran duk Larabawan da ke sayar da yadi. Mijinta ya rasu tun kafin in yi wayo, ɗanta guda kuma yana ƙasar waje. Ita Bafalasɗiniya ce. A wani ƙauye aka haife ta, ta bar shi tana 'yar ƙarama a kafaɗar mahaifinta ranar da aka kore su, ta girma a sansanin 'yan gudun hijira, daga can aka kawo ta Kano tana amarya. Tana jin Hausa sosai, sai dai har ta tsufa ba ta raba namiji da mace ba. "Kai yarinya" take ce mini.

Kullum bayan la'asar kakata takan ɗauki kayan ɗinkin hularta, in bi ta a baya mu shiga wurin Balarabiyar. Ita tana saƙa jan zare a baƙin yadi, kakata tana fama da hula, ni kuma ina zura musu zare a allura don idonsu ya fara rauni. Balarabiyar takan jefa ɓawon lemo a kurfoti, ta ce haka mahaifiyarta ke yi. Ba su cika hira ba. Sai su yi zaman nan har magariba maganarsu ba ta wuce ta ciwon gwiwa da tsadar gawayi ba. Sai da na girma na gane kowaccensu ba ta da wani wurin zuwa.

A ƙarshen wata damina, ina tsakiyar firamare, rediyo ya koma ba shi da labari sai na Falasɗinu. Kullum a ce an harbi wasu, an rusa gidaje. Ana cikin haka ɗan Balarabiyar ya aiko mata da saƙo cewa an rushe gidan yayarta da katafila, an kuma kashe jikan yayar. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta naɗe ɗinkinta ta tura ƙarƙashin gado, ta daina cin abinci. Kakata ta dama kunu ta ba ni in kai, da yamma in je in ɗauko kwanon ya yi yana a sama, ko cokali ba a tsoma ba.

Wata rana kakata ta matsa mata da roƙo, sai ta juyo daga bangon da take kallo ta ce, "Hajiya, gidan yayata ko rediyo ya faɗi unguwarsu. Namu garin an shafe shi, an dasa itatuwa a kai. Yayata ta ruɗe, ba ta gane kowa. In na mutu, wa ya rage da zai faɗi sunansa?"

A makon ne aka yi ta sanarwa cewa za a yi tattakin nuna goyon baya ga Falasɗinawa bayan sallar Juma'a. Da baffana ya zo gaishe da kakata, ta gaya masa za ta fita. Da farko dariya ya yi, da ya ga ba wasa take ba ransa ya ɓaci. Ya ce abin na samari ne, ana iya watsa barkonon tsohuwa, kuma da wane ido zai kalli abokan kasuwancinsa in aka ce an ga mahaifiyarsa a titi tana ɗaga ƙyalle. Ya ce ta zauna a ɗaki ta yi musu addu'a. Ta ce addu'a kam tana yi tun ba a haife shi ba, amma maƙwabciyarta ba ta cin abinci. Ya tashi ya fita ko sallama bai yi ba.

Washegari ta buɗe akwati ta ɗauko farin mayafin da ta zo da shi daga aikin hajji, wanda ba ta taɓa yafawa ba. Ta kai wa Balarabiya, ta miƙa mata guntun gawayi, ta ce ta rubuta sunan garin. Balarabiya ta rubuta shi da Larabci, manya-manya.

Daga nan muka taka zuwa Sabon Gari, wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo mai rubuta allunan shaguna, wanda shi ya yi wa motar mahaifina ado. Rumfarsa na warin fenti da kananzir. Da kakata ta yi masa bayani, ya daɗe yana goge buroshi a tsumma. Ya ce shi Kirista ne, a cocinsu Isra'ila ake yi wa addu'a, in aka ji za a yi ta magana. Kakata ta ce ita ba maganar coci ko masallaci ta kawo ta ba, mace ce aka raba da garinsu. Ya dubi wajen tashar jirgi, ya ce yana yaro aka cusa su cikin jirgi a can shi da mahaifiyarsa lokacin tashin hankalin da ya kai ga yaƙin basasa, sun bar tukunya a kan wuta.

"Amma mu mun dawo, Mama," in ji shi. "Kawo mayafin."

Bai iya Larabci ba, layin gawayin ya bi da jan fenti a hankali, harshensa a tsakanin haƙora.

Ranar Juma'a rana ta buɗe da irin zafin nan na bayan ɗaukewar ruwa. Titi ya cika da maza, mata kaɗan ne, can a baya. Kakata ta riƙe gefe ɗaya na mayafin, ni ɗaya. Wani saurayi kusa da mu yana ta tsine wa Yahudawa gaba ɗaya. Kakata ta ja hannun rigarsa, ta gaya masa abin da ta ji daga bakin mai abin: ungozomar da ta karɓi haihuwar maƙwabciyarta Bayahudiya ce, waɗanda suka kore su kuwa 'yan sahayoniya ne, masu bindiga da suka ce ƙasar ba kowa a cikinta. Ya dube ta ya fizge rigarsa ya kutsa gaba. Wasu suka tambaya ko aya ce muka rubuta. Duk wanda ya tambaya sai ta ce masa gari ne, ta faɗi sunan da bakinta na Kano, a karkace.

Gwiwoyinta suka fara ba ta wahala, muka yi ta komawa baya. Kafin mu kai shataletalen Bata taron ya ɓace mana, ko amonsa ba ma ji, 'yan acaɓa sun dawo titi suna yi mana oda. Tsohuwa da yarinya ne kawai riƙe da ƙyalle a gefen hanya, masu talla suna kallonmu. Na ji kunya, na so in saki.

A nan muka ga Balarabiya. Tana tsaye jikin wani shago cikin baƙar abaya, ta rame, ban san yadda ta kawo kanta ba. Ta tako har gabanmu, ta karanta sunan a fili, sannan ta ɗora tafinta a kan fentin.

"Hajiya," ta ce, "ga shi a titi, mutane suna gani."

Ranar da magariba ta ci tuwo da miyar kuka a gidanmu, abin da kullum take cewa ya gagare ta. Baffana ya daɗe bai taka gidan ba, matan unguwa kuma suka samu abin dariya a gidajen biki.

Da bazara ta zagayo Balarabiya ta rasu. Ɗanta bai iso ba sai bayan an binne ta, ya sayar da gidan, aka mai da shi ma'ajiyar dilolin atamfa. Kakata ta ci gaba da ɗaukar kayan ɗinkinta bayan la'asar, sai dai jikin katangar take shimfiɗa tabarma. Ina sakandare ita ma ta tafi. Wajen rabon gado mayafin ya ɓace, na tambayi kowa ba wanda ya gan shi.

Yanzu tutar Falasɗinu har a bayan adaidaita ake liƙa ta. Yara suna ganin komai a waya, sun san sunayen garuruwan da ake ruwan wuta a kansu, suna hana iyayensu sayen wasu kayan. Ina jin daɗin haka, nakan je taron ma wani lokaci. Amma in na ce na san wata Bafalasɗiniya a Fagge, sai a ce Allah sarki, a koma kan waya.

Maƙabarta ɗaya aka kai su, Balarabiya da kakata. Da yake mu mata ba ma bin gawa, ban san inda kabarin kowaccensu yake ba, ban san ko suna kusa da juna ba. In hanya ta biyo da ni ta jikin katangar maƙabartar, nakan ce wa direba ya rage gudu. Ya ɗauka sauka zan yi. Sai in yi musu sallama su biyu, in ce masa mu tafi.