Firiza Mai Sola da Katuna Uku

Shekarun da na yi ina aiki a ƙaramin asibitin Sule Tankarkar, katin banki ɗaya gare ni, na albashi. Ranar da alat ya shigo nakan je wurin mai POS na bakin tasha in cire kuɗin kaf, in sa a jaka. Haka na ga sauran ma'aikata suna yi, ban kuma taɓa tunanin akwai wanda ke lura ba.

Abin da ya kai ni Gumel firiza ce mai aiki da sola. Da bazara ƙanƙara kan yi wuya a garinmu, na ga idan na samu firizar zan riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo daga gida. Wani shago a Gumel yana ba da ita a biya sannu a hankali, amma sai banki ya amince da mutum. Na cike takardu, na koma bayan mako biyu, aka ce ba a amince ba.

Wata matashiya ce a teburin bankin, mai gilashi, ba ta da saurin magana. Ta juyo min da fuskar kwamfutarta, ta nuna min layukan: kuɗi ya shigo, kuɗi ya fita, duk rana ɗaya, wata bayan wata. Na ce mata ai ban taɓa cin bashin kowa ba a rayuwata.

"Shi ne matsalar, Anti," in ji ta. "Ba ki taɓa karɓa ba, balle a ga kin biya."

Ta yi min bayanin cewa akwai katunan da ake sayayya da su a biya ƙarshen wata, kuma idan mutum ya riƙe ɗaya ko biyu yana biya a kan lokaci, sunansa zai yi nauyi a wurinsu. Ta haɗa min takardun talla guda uku na bankuna daban-daban, ta ce in je in yi nazari, kada in yi gaggawa.

Takardun sun yi kusan wata a ƙarƙashin littafin rajistar masu awon ciki. Idan layi ya ragu sai in zaro su in karanta. Kati na farko yana ba da garaɓasar katin waya duk sanda aka yi sayayya, amma idan aka wuce ranar biya kuɗin ruwa ne zai hau, an rubuta wannan da ƙananan haruffa a can ƙasa. Na biyu na bankin da ba ya hulɗa da ruwa ne, ba garaɓasa ko kaɗan, sai ɗan kuɗin hidima da aka yanke. Na uku shi ma babu ruwa, yana tara maki idan aka sha mai a wasu gidajen mai. Ni ba mota gare ni ba, amma maigidana yana zuwa gonarsa ta wajen Gagarawa a babur.

Wata Alhamis na je Maigatari wurin yayana, dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobi. Na same shi a rumfa yana shan shayi da wasu baƙinsa daga Damagaram. Da suka tashi na nuna masa takardun. Ya jujjuya su, bai karanta ba, ya ce shi a kasuwar nan garke guda ake ba shi da baki kawai, ba takarda ba kati. Sai ya ce in bar wahalar da kaina, zai saya min firizar gobe.

Na yi masa godiya, na ce zan yi shawara da maigida. Na san Yaya. Yana da kyauta, amma duk abin da ya ba mutum yakan biyo shi har cikin gida ya ga inda aka ajiye shi. Ban koma masa da maganar ba, shi ma bai sake tayarwa ba.

Na karɓi kati na biyu, wanda ba ruwa ba garaɓasa. Bayan wata uku matashiyar ta ce in ƙara ɗaya, sai na karɓi na man fetur na miƙa wa maigida, da sharaɗin ya riƙa kawo min rasiɗi. Na katin wayar kuwa na bar shi, don ban yarda da kaina ba a watan da albashi zai makara.

Daga nan sayayyata ta koma Gumel, domin a garinmu masu shago ba sa karɓar irin wannan kati. Duk ƙarshen wata nakan hau mota in je wani babban kanti in sayi shinkafa, mai, sabulu da magi, in miƙa kati alhali ga kuɗi a jakata. Wani lokacin sabis ya ɗauke, in tsaya gefe da kwandona ina jira. Kafin ranar biya ta zo na riga na biya.

A bakin layinmu akwai wani dattijo mai shago, wurinsa muke sayayya tun ina amarya. Wata safiya zan wuce aiki, bayan mun gaisa ya tsayar da ni, ya tambaya ko wani abu aka yi min a shagonsa.

"In awo ne aka tauye miki, Hajiya, ki faɗa min."

Na ce masa ba haka ba ne, na fara ba shi labarin banki da kati. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya ce Allah ya taimaka. Na ga alamar bai gane dalilin da zai sa in biya kuɗin mota don in sayi abin da yake da shi a kan kanta ba. Daga ranar na raba sayayyar: buhu da jarka a Gumel, sikari, gishiri da sauran ƙananan kaya a wurinsa.

Wajen ƙarshen damina ta gaba, bayan na sake cike takardun firizar, aka kira ni a waya daga banki aka ce an amince. Matashiyar ba ta nan, an mayar da ita wani reshe, wani saurayi ne ya ba ni takardu na sa hannu. Aka kawo firizar a bayan a-kori-kura, masu haɗa sola biyu suka hau rufin ɗaki suka gama kafin la'asar. Lokacin sanyi ya kusa, ba mai neman ƙanƙara, sai na fara da ajiye wa maƙwabta nama da markaɗe, ba na karɓar komai. Sai da zafi ya shigo sosai na ƙulla ledar ƙanƙara ta farko.